"Ni Dai Nawa Biyan Kuɗi Ne": Raddi Ga Iyayen 'Yan Kareti

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin iyayen yaran da ke koyon kareti, kuma masu faɗinta ba iyayen banza ba ne. Yawancinsu mutane ne masu kula, waɗanda suka tsakuro daga ɗan abin da suke samu suka ce a koya wa ɗansu kare kai da ladabi. Maganar ita ce: "Ni dai nawa biyan kuɗi ne. Na saya masa kaya, ina biyan kuɗin wata, in za su tafi gasa in ba da kuɗin mota. Sauran na masta ne, shi ya san aikinsa." Za ka ji ta a bakin ɗan kasuwa, za ka ji ta a bakin ma'aikacin gwamnati, har da malamin makarantar da kullum kukansa shi ne iyaye ba sa leƙo 'ya'yansu.

Ina ganin wannan magana kuskure ce, irin kuskuren da ke iya jawo abin da ba a so. Amma kafin in faɗi dalilina, adalci ne in ba ta haƙƙinta, domin ba daga banza ta fito ba. Mu mutane ne da aka rena a kan girmama malami. In ka kai yaro gaban malam, ba ka tsaya masa a ka kana cewa ga yadda za ka koyar. Yin haka rashin ta-ido ne, kuma yaron da ya ga ubansa yana gyara wa malaminsa zance ba zai ƙara ganin girman malamin ba. Akwai tawali'u ma a cikin maganar: mutum ya san bai san kareti ba, bai san bambancin kata da kumite ba, to ya je ya ce me? Ga kuma kara irin tamu, wadda ke hana uba zama cikin jama'a yana kallon ɗansa, balle ɗan fari, balle ya tafa masa. Ga neman abinci, wanda bai san Asabar ba bai san Lahadi ba. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da nake musu shi ne a ce saboda su aikin uba da uwa ya ƙare a aljihu.

Je ka inda ake koyar da yara kareti ranar Asabar da safe, ko a zauren filin wasa ne ko a harabar wata firamare da aka ara. Za ka ga uba ya tsaya da babur a bakin ƙofa, ko injin bai kashe ba. Yaro ya dira, farin kayansa a cikin leda, bel ɗinsa a naɗe a hannu, uban ya ce "in an tashi ka jira ni a nan," ya murɗa ya tafi. Ana iya shekara biyu a haka, bai san ko a kan katifa ake horon ko a kan siminti ba. Bai san cikakken sunan mutumin da yake bar wa ɗansa ba, "masta" kawai ya sani. Wannan mu'amalar tela ce: ka kai yadi, ka biya, ka dawo jajibirin salla ka karɓi ɗinki. Sai dai tela in ya ɓata yadi, ana iya sayo wani.

Abu na farko da kuɗi ba zai yi maka ba shi ne tantance wanda ka ba amanar. Baƙin bel a shago ake sayar da shi, kuma mai shago ba ya tambayar takarda. A garuruwanmu akwai malaman kareti na kirki, waɗanda suka shafe shekaru suna koyo, suna da rajista da ƙungiyar kareti ta jiha da ta ƙasa, wasunsu abin da suke karɓa ko man babur ɗinsu ba ya saye, son abin ne kawai ya riƙe su. Akwai kuma waɗanda jarinsu ƙirar jiki da tsawa. Matsalar ita ce mu iyayen, yawancinmu a fim muka fara ganin abin. Mun tashi da finafinan Chainis, da Bruce Lee, wanda shi ma asalinsa kungfu ya koya ba kareti ba, kuma a irin waɗannan finafinai malami nagari shi ne wanda ya fi gana wa almajirinsa azaba. To idan yaro ya dawo gida leɓe a fashe, ko gaɓoɓin yatsu a kumbure don an sa shi naushin bango, sai uba ya ce ai haka ake zama namiji, masta ya san abin da yake yi.

Wanda yake ganin haka kareti yake, ina so ya ji abin da ya faru a Tokyo ranar 7 ga Agusta, 2021, a wasan ƙarshe na maza masu nauyin sama da kilo 75 a gasar Olamfik. Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki 4 da 1. Sai ya ɗaga ƙafa ya kai wa Sajad Ganjzadeh na Iran bugu ta sama, Ba'iraniyen ya zube a sume, aka fitar da shi ranga-ranga. Da a filin dambe ne, an yi kisa ke nan, sai makaɗi ya ɗauki kirari. Amma alƙalai suka haɗa kai suka kori Hamedi daga wasan, domin bugun ya wuce ƙa'ida. Wanda ya suma ya farfaɗo ya tarar ya ci zinare, wanda ya sumar da shi ya koma gida da azurfa. An yi ta muhawara a kan hukuncin, har yau akwai masu ganin an ƙware Hamedi. Ko ma wane ɓangare mutum ya ɗauka, hukuncin ya tona ginshiƙin wasan: maki na wanda ya kai hari daidai, cikin sauri, ya kuma riƙe hannunsa ko ƙafarsa kafin ta yi ɓarna ne. Wannan fa tsakanin ƙarti ne da suka shafe rayuwarsu a horo, ana neman zinaren da ƙila ba za a sake samun damarsa ba. A gasannin yara dokar ta fi haka tsauri, musamman a kan abin da ya shafi kai da fuska.

Uban da ya san wannan labari guda ya san abin da ya isa ya auna duk wani wurin horo. Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima. Zauna a gefe awa ɗaya, ka yi shiru, ka duba. Idan za a haɗa yara su gwabza, ana sa musu safar hannu da robar kare haƙori, ko haka ake sake su? Tsara da tsara ake haɗawa, ko ana jefa ɗan shekara takwas gaban ɗan sha huɗu wai don a cire masa tsoro? Idan yaro ya yi kuskure, masta gyara masa tsayuwa yake yi ko tsinka masa mari? Su kansu yaran, da walwala suke shiga layi ko kowa ya sha jinin jikinsa? Ba ka buƙatar kalmar Japananci ko ɗaya kafin ka amsa waɗannan. Wanda ya iya bambance makanike na gari da mai lalube ba tare da ya taɓa kwance inji ba, zai iya wannan.

Wani zai ce ai wannan rashin yarda da malami ne, kuma su kansu Japanawa ba a ja da sensei, wato malami, a wurinsu. Haka ne, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu. Wani malamin Jami'ar Nagoya mai suna Ryo Uchida ya bi diddigin haɗurran wasanni a makarantun Japan, ya gano cewa cikin kusan shekara talatin daga 1983, ɗalibai sama da 100 sun mutu a wajen horon judo, da yawansu ta buguwar kai, da yawansu kuma sabbin shiga. Judo ba kareti ba ne, amma al'adar horo da biyayya ga malami iri ɗaya ce. Waɗanda suka hana maganar kwanciya su ne iyayen yaran da suka mutu ko suka nakasa, da suka kafa ƙungiya a 2010 suka yi ta matsa lamba. A cikin karetin ma, a 2021, watanni kaɗan kafin Olamfik, Ayumi Uekusa wadda ta ci kambun duniya a 2016 ta kai ƙarar kocinta Masao Kagawa cewa yana amfani da takobin gora a wajen horo har ya same ta a ido. Maganar ta ƙare da saukarsa daga muƙaminsa a hukumar kareti ta Japan. Idan irin wannan zai iya samun zakarar duniya, babbar mace mai sunanta, to ɗan shekara tara fa, wanda aka riga aka gaya masa cewa mai kai ƙara gida rago ne? Girmama malami dabam, rufe ido dabam. Malamin kirki ba ya jin haushin a kalli aikinsa, yawancinsu ma ƙorafinsu shi ne ba a zuwa.

Sannan akwai abin da ko mastan da ya fi kowa tsoron Allah ba zai gani ba, don ba a gabansa yake faruwa ba. Yaro yana wurinsa awa biyu ne, sau biyu ko uku a mako. Sauran lokacin yana gida. Buguwar kai sau da yawa ba ta nuna kanta nan take. Yaro zai tashi ya kakkaɓe jiki ya ce lafiya lau, sai da daddare ciwon kai ya taso, ko amai, ko jiri, ko wani irin barci da bai saba ba. Uwar da ta san yau an yi gwabzawa za ta haɗa wannan da wancan ta nufi asibiti, ta kuma hana shi komawa horo sai likita ya yarda, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mafi haɗari. Uwar da ba ta san abin da ake ciki ba za ta ba shi Panadol ta ce maleriya ce, jibi kuma ta goge masa kaya ya koma. Ba don ba ta ƙaunarsa ba, don an gaya mata cewa kareti ba sashenta ba ne.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuka san yaron yana da sikila, ko asma, ko ya taɓa karaya a gwiwar hannu. Masta ba zai sani ba sai kun faɗa, yaro kuwa ba zai faɗa ba don kada a ware shi. Ku kuka san ya fita da safe bai karya ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, akwai masu horarwar da ke ɗaukar hana yara shan ruwa a tsakiyar horo jarumta ce; wannan ba kareti ba ne, jahilci ne, kuma uba ne kawai ke da bakin da zai ce a daina. Haka idan azumi ya zo: wa zai zauna da masta a gyara lokaci da nauyin horo ga yaran da suka fara ɗauka, in ba iyaye ba?

Na daɗe a kan haɗari, amma ba shi ne ya fi raba yara da kareti ba. Gundura ce. In za a faɗi gaskiya, farkon kareti abu ne mai ƙosarwa: naushi ɗaya, taku ɗaya, kariya ɗaya, a maimaita har ƙafa ta fara rawa, gobe a sake. Anko Itosu, malamin Okinawa da ya shigar da kareti makarantun tsibirin a farkon ƙarni na 20, shi ya tsara kata biyar, wato jerin taku da naushi da ake haddacewa, waɗanda ake kira Pinan, domin ɗalibai su fara da su. Almajirinsa Gichin Funakoshi, wanda shi ma malamin makaranta ne, ya kai wasan Tokyo a 1922, kuma a tsarinsa na Shotokan waɗannan kata su ake kira Heian. Su yaranmu ke maimaitawa yau, ba tashi sama, ba fasa bulo. Yaron da ya shiga da hoton fim a kansa, bayan 'yan watanni zai ga babu abin da ya zo nema. Ranar da zai ce "Baba, yau ba na jin zuwa," masta ba ya nan. Kuma "ba na jin zuwa" iri biyu ce. Akwai ta ƙiwa, wadda maganinta lallashi da ɗan tsare gida, tashi ka sa kaya mu tafi. Akwai ta tsoro, ta yaron da wani abu ke faruwa da shi a can bai san yadda zai faɗa ba. A kunnen baƙo muryarsu ɗaya, amma uwa tana bambance su in tana saurare. Uban da aikinsa biya ne kawai, amsa ɗaya gare shi ga duka biyun: "Kuɗina za ka ɓarnatar?" Ko kuma ya ce Allah raka taki gona, an huta da kuɗin wata.

Ryo Kiyuna, ɗan Okinawa, ya fara kareti yana da shekara biyar. Ya ci kambun duniya na kata a 2014 da 2016 da 2018, sannan ya ci zinaren Olamfik a Tokyo yana da shekara 31. Da ya hau dandamalin karɓar lamba, hoton mahaifiyarsa ya riƙe a hannu. Ta rasu a 2019, ba ta ga ranar ba. Yana da malaminsa, Tsuguo Sakumoto, wanda shi ma tsohon zakaran duniya ne, kuma ba mai musun cewa fasahar daga gare shi ta fito. Amma tsakanin shekara biyar da talatin da ɗaya akwai safiya masu yawa, kuma shi Kiyuna ya san wanda yake so duniya ta gani tare da shi a ranar.

Akwai wata illa ta wannan magana da ba a cika lura da ita ba. Wanda ya ɗauki kansa mai biya kawai, dole wata rana ya nemi abin da ya biya, kuma abin da ake iya gani a kareti shi ne launin bel da kofi. Sai ka ji uba yana tambaya, "Wai har yanzu farin bel ne? Ɗan maƙwabcina tare suka fara, ga shi har ya kai kore." Masta mai gaskiya zai ce yaron bai isa ba tukuna, ya yi asarar ɗalibi. Mai neman kuɗi kuwa ya gane bakin zaren: kowane 'yan watanni a shirya jarrabawa, a karɓi kuɗinta, kowa ya ci. Haka ake samun ɗan shekara goma da baƙin bel, bai iya tsayuwa ba, amma an cusa masa cewa shi gwani ne, kuma wannan ya fi rashin koyon haɗari ranar da ya haɗu da faɗan gaske a lungu. A ƙungiyoyi masu tsari, baƙin bel na ɗaukar mai naci shekara uku zuwa biyar, wani lokaci fiye. Sandra Sánchez ta Sifen ta fara tana da shekara huɗu, ba ta ci kambun Turai ba sai 2015, ta haura talatin, lokacin da ake cewa zamaninta ya wuce. Ta ci na duniya a Madrid a 2018, ta ci zinaren kata a Tokyo tana da shekara 39. Da da ma'aunin ɗan maƙwabci aka auna ta, da tuni an ce ta nemi wata sana'a.

Neman sakamako na gaggawa shi ke kai mu ga abin da ya fi muni, wanda kuma hannun iyaye ke ciki dumu-dumu. Gasannin kareti kashi-kashi ne bisa shekaru da nauyi: a tsarin hukumar kareti ta duniya, 'yan 14 da 15 ajinsu dabam, 'yan 16 da 17 nasu dabam, kowane aji kuma an raba shi da kilo. Rage shekaru ba baƙon abu ba ne a wasannin matasa a Najeriya. A ƙwallon ƙafa har sai da FIFA ta fara gwajin hoton wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda aka yi a nan ƙasar. A ƙwallo rage shekaru cuta ce ta hana wani dama. A wasan da ake kai naushi da ƙafa, cuta ce ga jikin ɗan wani, domin saurayi mai shekara 17 ne ke tsaye gaban yaro mai 14. Wa yake zuwa kotu ya yi rantsuwar shekarun? Ba masta ba ne. Idan koci ya ce "Alhaji, a ɗan gyara masa takarda," uban da ya saba cewa masta ya san aikinsa zai sa hannu, ya koya wa ɗansa ƙarya a wurin da ya kai shi koyon ladabi. Haka batun nauyi: a ce yaro ya rage kilo biyu kafin ranar awo, ya daina cin tuwon dare, ya rage ruwa, ya sa leda a jiki ya yi gudu cikin rana. Yaron da ke girma ba a hana shi abinci don kofi. A 2022 hukumar judo ta Japan ta soke gasarta ta ƙasa ta 'yan firamare ɗungurungum, saboda yadda son nasara ko ta halin ƙaƙa ya mamaye manya, iyaye da masu horarwa, har da tilasta wa yara rage nauyi da yi wa alƙalai ihu. Sun ga gara a rasa gasar da a rasa yaran.

Wannan labari na ƙarshe yana da fuska biyu, kuma a nan masu maganar da nake wa raddi suke da gaskiya mafi ƙarfi. Akwai uban da gara bai zo ba. Shi ne wanda ke tsaye a bakin fili yana ihu "buge shi! ka tsaya kallonsa!", yana saɓa wa abin da koci ke faɗa, yana zagin alƙali, in yaro ya faɗi kuma a hanyar gida a sake yi masa wasan daga farko har ƙarshe. Idan zaɓi tsakanin wannan ne da mai biya ya tafi, ni ma mai biyan zan ɗauka. Amma ba su kaɗai ne zaɓi ba. Fasaha ta masta ce, kada ka taɓa ta. Ko ka ga kamar kuskure, ka same shi a keɓe bayan an tashi. Naka shi ne ka kasance a wurin. Wasan yara minti biyu ne ko ƙasa da haka. Yaro zai yi watanni yana shiri, a yi tafiyar awa biyar a mota, a kwana a tabarma a wani aji, ya shiga fili a fitar da shi a zagayen farko. Ya rusuna wa abokin karawarsa kamar yadda aka koya masa, ya fito yana cire safa da haƙori, idonsa ya cika taf, yana waige-waige. Abin da yake nema a lokacin ba bayanin inda ya yi kuskure ba ne, wannan masta zai yi masa ranar Talata. Yana neman fuskar da ba ta sauya ba don ya faɗi. Ka miƙa masa ruwa, ka ce sannu, ka tambaye shi ko yana jin yunwa.

Batun 'ya'ya mata ya fi kowanne nuna cewa kuɗi kaɗai ba ya isa. Tun 2013 hukumar kareti ta duniya ta yarda mata su shiga gasa da ɗankwalin da ke rufe gashi. Feryal Abdelaziz ta Masar da kanta a rufe ta ci zinare a Tokyo, a ranar da abin Hamedi ya faru, ta zama mace ta farko da ta ci wa Masar zinaren Olamfik. A Legas ana yin gasar kareti ta mata zalla mai ɗauke da sunan Hajiya Zainab Saleh. Ƙofa dai a buɗe take. Amma yarinya ba ta ɗorewa sai gidansu ya tsaya mata: wa zai raka ta, wa zai tabbatar akwai babbar mace a tafiyar gasa da wurin kwana, wa zai ce ba a keɓewa da ita don wani "horo na musamman", wa zai amsa wa gwaggon da ke cewa mace da shure-shure wa zai aure ta. Dokar keɓewa da ta kwanan gasa, in an tambaye ni, har 'ya'ya maza ta shafa.

Kuma ya kamata wani a gida ya riƙa tuna gaskiyar da yaro ba ya son ji. Kareti sau ɗaya ya shiga Olamfik, a Tokyo. Babu shi a Faris a 2024, ba ya cikin jerin wasannin Los Anjeles na 2028. Kaɗan ne ƙwarai a duniya ke cin abinci da gasar kareti. Ita kanta Feryal ɗalibar harhaɗa magunguna ce a jami'a lokacin da ta ci zinaren. Koci, ko na kirki ne, idonsa na kan gasa mai zuwa. Wanda zai ce wannan makon ba horo, jarrabawa ta ƙarato, ko a gyara lokaci kada ya ci Islamiyya, daga gida zai fito.

Ban ce kuɗi ba komai ba ne. Chika Chukwumerije ya ci wa Najeriya tagulla a tekwando a Beijin a 2008, kuma sananne ne cewa mahaifinsa, Sanata Uche Chukwumerije, ya zuba dukiyarsa a horonsa. Amma uban shi ya sa shi a wasan tun yana ƙarami, ya kuma bi shi sau da ƙafa. Kuɗin wani yanki ne na tsayuwar. Abin da ya sa nake jin zafin maganar "nawa biya ne" shi ne tana sa talaka ya ɗauka ba shi da abin bayarwa, alhali yawancin abin da na ambata ba a saye da kuɗi.

Saura uzurin lokaci, wanda shi ne na gaske. Ba kowa ke iya rufe shago ko barin aiki duk Asabar ba, kuma ban ce a yi haka ba. Sau ɗaya a wata ya wadatar, musamman in ba a sanar da ranar zuwa ba. Wanda kara ta hana shi, ga kawu, ga yaya, ga ƙanwar uwa. Dama a gidajenmu ba uba kaɗai ke renon yaro ba. Iyaye biyar ko shida da 'ya'yansu ke wuri ɗaya suna iya karɓar lambar juna su yi karɓa-karɓa, yau wannan ya zauna, mako mai zuwa wancan, in za a tafi gasa a fitar da mutum ɗaya ya bi motar. Ranar farko kuma a kashe babur a shiga ciki, a gaisa da masta, a tambayi sunansa da wanda ya koyar da shi da ƙungiyar da yake ƙarƙashinta, a gaya masa lalurar yaron in akwai, a karɓi lambar wayarsa. In ya ce shi ba ya yarda iyaye su zauna su kalla, a tambaye shi dalili cikin mutunci. Wani zai ce yara na rikicewa in sun ga iyayensu, sai a ja kujera can nesa inda ba za a raba musu hankali ba. In ya ce ko daga nesan ma a'a, a ɗauki yaro a nemi wani wurin.